Da Tiyar Wa Ake Auna Mana Babur a Damargu?

Bayan la'asar ne, ina zaune a rumfar wani bakanike a Tanut ina jiran ya ɗaure mini sarƙar babur, sai ga ɗan yayata ya faɗo mana kamar an jefo shi, waya a hannu, baki har kunne. "Kawu, don Allah dubi wannan." Wasu Turawa ne a bidiyo, sun jera babura huɗu a gindin wani dutse mai ciyawa shar, suna gwada wanda ya fi iya haɗa kwalta da daji: Yamaha Ténéré 700, Kawasaki KLR650, Suzuki DR650 da Honda CRF300L. Yaron ya riga ya yanke hukunci. Ténéré ne sarki, saura duk fadawa ne.

Bakaniken bai ko ɗago kai ba. Kafireto yake wankewa a cikin gwangwanin tumatir da ya zuba wa fetur. Ya ce, "Samari, kilo nawa ne sarkin naka?" Yaro ya latsa waya, ya ce ɗari biyu da huɗu. "Buhu biyu na gero ke nan, har da ɗori. Yana da kik?" Ya ce babu, maɓalli ake dannawa. Sai ya hure kafireton, ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ce, "To in za ka saya, ka haɗa da jaki da ƙarti biyu. Ran da ya kwanta maka a jigawar Tarka za ka gode mini."

Muka yi dariya har da tafawa. Amma kafin in isa gida dariyar ta koma mini ɗaci a wuya. Yaro dai ba shi da laifi. Ba shi da ko kuɗin taya ɗaya, kuma mafarki ba a biyan masa haraji. Waɗanda suka ɓata mini rai su ne masu alƙalami a hannu, masu sa hannu a takardar sayen babura domin ma'aikatan lafiyarmu, malaman dabbobi, malaman gona da masu zagayen makarantu. Su ma irin zaɓen yaron nan suke yi, daga hoto da bidiyo, a ofis mai sanyi, da kuɗin da aka karɓo da sunan talakan Damargu. Bambancinsu da ɗan yayata shi ne, nasa kuskuren a waya yake ƙarewa, nasu kuwa a daji yake ƙarewa, a kan ƙafar wani bawan Allah.

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Bakin Birji ko ta Gangara ya san ba a yarda a auna maka gero da tiyar da ba ka sani ba. Sai ka ɗauke ta ka jujjuya, ka duba ko an bubbuge gindinta. Tiya arba'in ce buhu, in an rage mata yatsa ɗaya kai ne za ka kwana da asara. To me ya sa in an zo maganar babur, abin da rayukanmu suka rataya a kai, muke miƙa wuya a auna mana da tiyar mutanen da ba su taɓa cire ƙarangiya daga ƙafar wando ba?

Bari mu fara da hanyar kanta. Kwalta ɗaya gare mu, babbar hanya mai lamba 11, wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Bakin Birji da Sabon Kafi ta iso Tanut, tafiyar kilomita kamar 140, sannan ta miƙe Adarbisanat har Agadas. Da ka sauka daga kanta, sai abin da Allah Ya yi. In ka karya yamma daga Sabon Kafi ka nufi Gangara da Belbeji, ga jar ƙasa, ga gargada mai kwance noti, ga yashin da ya haye hanya ya yi zamansa. Belbeji an ɗaga ta zuwa gunduma tun 2011, an kai mata perefe da tuta, amma rairayin kwarin Tarka bai ji wannan sanarwa ba. In ka yi arewa wajen Tenhiya da rijiyoyin makiyaya, sawun wanda ya riga ka shi ne hanya, in iska ta share shi kuma sai ilimin itatuwa. Da bazara zafi ya haura digiri 40. Da damina fadama ta zama laka mai kama taya kamar danƙo. Ƙayar aduwa da ta magarya kuwa ba su da hutun shekara.

Kakanninmu sun san wannan sarai. Damargu ita ce rumbun Abzin, geronta ake ɗora wa ayari a kai Bilma da Fashi a sauya da gishiri da dabino. Ko Baturen nan Heinrich Barth, da Hausawa suka sani da Abdulkarim, cikin ayarin Abzinawa ya shigo Damargu a watan Janairun 1851. Babu madugun da ya taɓa ɗora kayan ayari a kan ingarman doki don ya fi kyau da gudu. Doki na hawan sallah ne da ƙofar fada. Madugu tafin raƙumi yake dubawa, da tozonsa, da kwana nawa zai yi bai sha ruwa ba. Wannan ilimin ne muka yar, muka ɗauki na talla.

To mu auna baburan nan da tiyarmu. Abu na farko nauyi. KLR650 na yanzu ya haura kilo 200, haka Ténéré 700. Royal Enfield Himalayan na Indiya, mai inji 411, shi ma yana dab da haka. DR650 kilo 166 ne, Honda XR650L kuma 157. Mai sauƙin cikinsu, CRF300L, wajen 142. A kan kwalta nauyi alheri ne, yana danne babur kada iskar tirela ta yi wasa da shi. A cikin yashi kuwa kowane kilo bashi ne, kuma da ƙugunka za ka biya. Babur a jigawa dole ya faɗi, ko gwanin gwanaye ne a kai. Tambayar ita ce, bayan ya faɗi karo na uku, rana a tsaka, kai kaɗai, wa zai tashe shi?

Sai tsawo. Sirdin XR650L santimita 94 ne daga ƙasa, na DR650 da Ténéré da CRF300L duk suna wajen 88. An ƙera su ne don dogon Bature mai takalmin ƙarfe har gwiwa. Namu mahayin silifa ne a ƙafarsa da riga 'yar shara, kuma a yashi ƙafa ita ce taya ta uku da ta huɗu. In tafin ƙafarka bai taɓa ƙasa ba, ka zama kaya, babur ne mahayinka. Balle a zo ga ma'aikaciyar lafiya ko ungozoma mai zane, ko mai naƙuda da za a zaunar a baya a riƙe ta har likita. Wanda ya zaɓi wannan tsawo ya cire mata daga lissafi tun kafin a kunna inji.

Na uku, sanyaya inji. KLR650 da Ténéré da CRF300L duk da ruwa suke sanyaya kansu, suna da lagireto da fanka da tiyo. Abu ne mai kyau matuƙar bai huje ba. Faɗuwa ɗaya a kan kututture, ko reshen ƙaya ya soki lagireto, ruwan ya tsiyaye a yashi, tafiya ta ƙare. DR650 da XR650L iska ce ke sanyaya su, na farkon har da taimakon baƙin mai, don haka a nan sun ci maki. Haka a wajen shan mai: su biyun kafireto gare su, abin da kowane yaron garaji zai kwance a kan tabarma ya hure ya mayar. Sauran injekta ce, mai famfo a cikin tanki da ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta son ko ƙwayar ƙura, in ta yi fushi kuma sai an jona mata na'urar da ba ka samu a Tanut balle Belbeji.

A nan ne takaici ke kama ni sosai. Matatar mai ta SORAZ a ƙasar Damargu take, a karkarar Olelewa, cikin gundumar Tanut. Tun watan Nuwamban 2011 take aiki, an gina ta don tace ganga dubu 20 a rana daga ɗanyen man Agadem. Da dare kana ganin wutarta daga nesa. Amma da ka yi nisa da kwalta, man da za ka zuba wa babur a kwalba yake, a kan teburin 'yan ruwa-ruwa, ya sha rana ya sha ƙura, ana tace maka shi da tsumma a bakin mazurari. Gwamnati ta sauko da lita zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, amma wannan farashin gidan mai ne, mutumin ƙauye sai ya ɗora. A watan Maris na 2025 kuma kowa ya ga layin da aka yi a gidajen mai a faɗin ƙasa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A irin wannan wuri za ka kawo babur mai shan wajen lita biyar a kilomita ɗari, wanda kuma ba ya shan kowane mai sai tatacce? Tankin CRF300L ma bai kai lita takwas ba. KLR ne mai lita 23, shi ma sai ka cika shi ka ji abin da ya ƙaru a kan nauyin.

Na huɗu shi ne tambayar bakaniken nan, wadda ta fi duk abin da ke cikin bidiyon hikima: yana da kik? Babu ko ɗaya cikin waɗanda na lissafa da ke fitowa da shi yau. Batir ne kaɗai. Zafinmu kuwa cin batir yake kamar gara. A gari in batir ya mutu sai yara su tura ka. A cikin rairayi ka tura buhu biyu na gero har ya yi gudun da zai tashi? Ko Sarkin Ƙarfi ne kai, ka sha ruwa ka zauna.

In an matsa mini sai na zaɓa a cikinsu, DR650 zan nuna, don shi ne bai cika wayo ba. Tun 1996 kusan yadda yake haka yake, iska da kafireto da silinda ɗaya. Amma ko shi, ina za ka samo masa fistin ko farantin kuloci? Kayan gyaranmu daga Kano suke zuwa, su bi ta Maimujiya da Matamaye su sauka kasuwar Dole a Damagaram, daga nan a watsa su kasuwannin ƙauye. Abin da kasuwar Kano da ta Nnewi suka sani shi ne Boxer da Haojue da TVS da danginsu. Mun kuma ga yadda aka yi da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, lokacin da ko buji sai da ya yi daraja. Babur ɗin da kayansa sai an yi odar su daga Turai, ranar da ka saye shi ka sayi abin shanya wanki.

Kada a ce na yi wa kamfanonin nan sharri. Ba su yi mana ƙarya ba, ba don mu suka ƙera ba. Sunanmu kawai suka ara. Tenere kalmar Buzaye ce, ma'anarta hamada, kuma hamadar tamu ce, arewa maso gabas da nan. A cikinta Thierry Sabine ya ɓata a 1977, da ya tsira ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. Na farko ya tashi a ƙarshen Disamban 1978, ya ratsa Agadas da Yamai, Cyril Neveu ya lashe shi a kan Yamaha XT500. Ka san yadda XT500 yake? Silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, kafireto gare shi, da ƙafa ake tayar da shi. Wato babur ɗin da ya fara cin hamadarmu da gaske ya fi kama da abin da bakaniken Tanut ke nema fiye da jikansa na yau. A 1983 aka fara liƙa sunan Ténéré a jikin tanki. Tseren kansa ya bar Afirka tun 2009, ya yi Kudancin Amurka, daga 2020 ya koma Saudiyya. Sunan ya ci gaba da kawo kuɗi. Ténéré 700 ya haura Yuro dubu 10 a Faransa, sama da sefa miliyan 6 da rabi ke nan, kafin jirgi kafin duwan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Sai ma'aikaci ya yi aƙalla shekara 13 bai ci ba bai sha ba kafin ya hau sunan dajin kakansa. Kuma mai tseren Dakar manyan motoci ne ke biye da shi da makanikai da taya, ga jirgi a sama yana nemansa in ya ɓata. Malamin dabbobinmu wa ke biye da shi? Ungulu.

Ba ji na yi ba, jikina ne ya gaya mini. Wani abokina malamin dabbobi ne a yankin Belbeji. Wata ƙungiyar raya karkara ta ba su sababbin babura, manya, dogaye, masu ƙyalli, aka yi biki aka ɗauki hoto. Wata rana cikin Afrilu na bi shi zuwa wata rijiya arewa da gari, inda makiyaya suka tara awaki da tumaki suna jiran rigakafi. Mun fita bayan asuba, kular magani mai ƙanƙara a ɗaure a baya, ni a tsakiya. Gaskiya ɗaya ce, a kan gargada ban taɓa jin daɗin babur irin na ranar ba, shokozoba na shanye rami kamar kana kan katifa. Har na fara cewa a raina ashe ni ne baƙauye.

Da muka shiga yashi sai kai ya fara rawa. Abokina ya miƙa ƙafa, ƙasa ta yi masa nisa, muka kife. Salansa ya lashe mini ƙwauri, tabon yana nan. Muka ɗaga. Ba mu yi tafiyar kiran sallah ba muka sake kifewa. Muka ɗaga, muna haki. A karo na uku ya ƙi tashi. Ya danna maɓalli, ya danna, inji ya yi gurnani sau biyu, sai ƙyat-ƙyat, sai shiru. Muka duba inda kik ya kamata ya kasance, ƙarfe ne sumul. Na buɗe kula na taɓa, ƙanƙara ta fara zama ruwa.

Muna nan sai ga ƙarar wani ɗan ƙaramin babur ɗan China, tankinsa duk ya lotse, an ɗaure madubi da roba. Wani ɗan kabu-kabu ne, da buhun dusa da akuya a baya, yana tafe yana sharar yashi da ƙafafu biyu kamar mai iyo. Ya tsaya ya ce, "Sannunku Malam, lafiya? Dokin gwamnati ne ya gaji?" Ya sauke dusarsa a wurina, ya ɗauki abokina da kula, suka wuce. Ni na wuni a gindin aduwa ina gadin miliyoyin sefa har amalanken shanu ya zo da yamma, mu biyar muka ciccibe shi muka ɗora. Daga baya famfon mansa ya lalace, ya yi wata huɗu a jingine ana jiran kaya daga Yamai. Ƙarshenta abokina da albashinsa ya sayi ɗan ƙaramin nasa, da shi yake aikin hukuma har yau. Leƙa bayan ofisoshi da dama a karkara ka gani: babura a jere, taya a sace, tambarin masu ba da agaji na nan raɗau a tanki, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Wanda ya sayo su an ƙara masa girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada kuma 'yan kasuwa su yi murna su ce na goyi bayan hajarsu. Ɗan kabu-kabun nan gwanintarsa ce ta fisshe shi, babur ɗinsa na titin birni ne. Ƙaramar taya mai inci 17 ko 18, sumul ba haƙora, cikinsa na jan ƙasa, shokozoba kamar sandar rake. Muna hawansa ne don shi aljihu ya iya, kuma kayansa na kowace rumfa. Sannan an cika kasuwa da jabu: sarƙar da ke miƙewa kafin wata biyu, ringin da ke sa inji hayaƙi tun daga garaji, tif ɗin da faci ba ya kama shi. Araha ba ta ado, mun sani, amma wannan ya wuce araha, cuta ce. Mu ma mahaya muna da namu. Wane ne bai ga yaro ya cire matacin iska ya yar wai don inji ya yi ƙara ba? A ƙasar da iska kanta gari ce! Yashin nan yana shiga ya goge silinda kamar sabulun dutse. A ɗora buhu huɗu a kan abin da aka yi don mutum biyu, a yi wata shida ba juyen baƙin mai, in ya mutu a zagi China.

Abin haushin shi ne, babur ɗin da ya dace da mu akwai shi a duniya, an daɗe da ƙera shi. Tsofaffin ma'aikatan karkara ba su manta Yamaha DT125 ba, da yadda ya yi shekaru yana ratsa jigayin nan. Akwai AG100 da AG200, waɗanda aka yi don manoma da makiyayan Ostareliya: sarƙa a rufe cikin gida don kada yashi ya ci ta, mazaunin kaya gaba da baya, jingina hagu da dama, giyar farko mai tafiyar raƙumi. Akwai XTZ125 mai tayar gaba inci 21, nauyinsa bai kai kilo 120 ba, ga maɓalli ga kik. Akwai Honda XR150L. Babbar tayar gaba hawa kan yashi da rami take yi maimakon ta nutse, in ka rage mata iska kaɗan ta ƙara faɗi, ka ja jiki baya, ka riƙe totur ba sassautawa, sai ka ga babur na yawo a kan rairayi. Matsakaicin babur a tiyar Turai inji 650 ne ko 700. A tiyar Damargu matsakaici shi ne daga 125 zuwa 250, mai sanyaya da iska, wanda mutum ɗaya zai ɗaga, wanda yaron garaji zai kwance.

Ko shi ɗin ma, ba a miƙa makulli a juya baya. A ƙarshen shekarun 1980 wasu masoya tseren babur, Barry da Andrea Coleman tare da ɗan tseren Amurka Randy Mamola, sun ga yadda ababen hawan da aka ba ma'aikatan lafiya a Somaliya suka zama gawa tun ba su tsufa ba. Daga nan aka haifi ƙungiyar Riders for Health, wadda ta yi aiki a Lesotho da Gambiya da Zimbabuwe da Najeriya. Ba wani sihiri suka kawo ba. An koya wa mahayi duba mai da sarƙa da taya kowace safiya, bakanike na bin babur inda yake a kan lokaci, ana canza kaya kafin su lalace, kuma kuɗin mai da gyara na cikin lissafi tun ranar saye. Abin da kowane madugu ya sani ne: wanda ya sayi raƙumi bai tanadi harawa ba, fata ya saya.

Hukuma kuwa in ta dubi babur, abu biyu take gani, ko haraji ko ɗan ta'adda. An hana hawansa a jihar Diffa a 2015, an hana a sassan Tilaberi daga farkon 2020, Kano ta kori 'yan acaɓa a 2013. Ban raina dalilin tsaro ba, an zubar da jini da babura, kowa ya sani. Amma a ƙauyukan Tarka da Falanko da Tenhiya, babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ke kai malami aji, shi ke ɗauko mai saran maciji. Abin da ke ɗauke da wannan nauyi ya cancanci a zauna a yi masa tunani, kamar yadda ake yi wa taki da irin shuka.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Duk ma'aikata ko ƙungiyar da za ta sayi babura don Damargu, ta kawo samfurin nan tukuna. A ba waɗanda za su hau, maza da mata, su yi mako biyu da shi cikin Afrilu, su sake yin mako biyu cikin Agusta. A kwantar da shi a yashi a ce mahayin ya ɗaga shi kaɗai. A cire batir a ce ya tayar. A zuba masa man kwalba. A kira makanikan Tanut da Belbeji su kwance shi su mayar, a ji ta bakinsu, a rubuta. Duk ɗan kwangilar da ya ci, a ɗaure shi da sharaɗin ajiye kayan gyara na asali a Damagaram da Tanut na tsawon shekaru, da horar da makanikan wurin. A sassauta kuɗin duwan a kan wannan rukunin babura na aiki da kayansu, a tsananta a kan jabu. Sannan a tuna cewa duk wannan gardama ta taya da shokozoba, faci ne muke yi wa rashin hanya. Ran da kwalta ta isa Belbeji, rabin maganar nan ta mutu.

Ɗan yayata har yanzu hoton Ténéré ne a fuskar wayarsa, ban hana shi ba. Amma ranar da ya raka ni karɓo babur ɗina, na ji shi yana tambayar wani mai sabon babur a bakin rumfa, "Yaya, kilo nawa ne? Yana da kik?" Yaron da bai gama sakandare ba ya koyi tambaya biyu a zama ɗaya. Masu digiri da ke sa hannu a madadinmu sun shekara nawa ba su koya ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa durƙusawa cikin rairayi da tsakar rana ya sa kafaɗa a ƙarƙashin babur ba, ya ajiye alƙalaminsa ya zo Sabon Kafi. Tiyarmu na nan, gindinta ba a bubbuge ba.